Wankin Da Malaman Jami'a Ke Wa Fim Ɗin Deodato

Mai karatu, ko ka san cewa finafinan ban tsoro masu yanka da zubar da jini, waɗanda ba ka iya kallo gaban ƙanwarka, darasi ne a jami'o'in Ingila da Amurka? Har mujallar nazari gare su, Horror Studies, tun 2010. Ni ban ƙi wannan ba. Likita ma ai da gawa yake koyon aiki. Littafin da Carol Clover ta fitar a 1992 ya nuna mana dalilin da ya sa budurwa ɗaya ce ke tsira a ƙarshen irin waɗannan finafinai, kuma wallahi na ƙaru da shi.

Inda muka raba gari shi ne wanki. Ɗauki Cannibal Holocaust na Ruggero Deodato, ɗan Italiya, wanda ya fito a 1980. Labarin wasu 'yan Amurka ne masu ɗaukar hoto da suka shiga dajin Amazon suka ƙona ƙauye don su samu abin nunawa, mutanen dajin suka cinye su. Sai ka ji malami ya gyara tabarau yana cewa wai fim ɗin suka ne ga 'yan jarida da mulkin mallaka, kuma shi ya share wa The Blair Witch Project na 1999 hanya. To, mun ji. Amma kunkurun da aka fasa a gaban kyamara fa? Na gaske ne. Birin da aka sare wa kai ma na gaske ne, kuma biyu aka kashe saboda an maimaita ɗaukar. Kai jama'a! Sannan aka ɗauko sunan Yanomami, al'umma mai rai a Birazil da Benezuwela, aka liƙa musu cin naman mutum don Bature ya sayi tikiti.

Wato abin da fim ɗin ke zargin taurarinsa da shi, shi darektan ya aikata da hannunsa a Kolombiya. Hukuma ta kama fim ɗin a Milan, ta maka shi kotu. Shi kansa Deodato, kafin ya mutu a 2022, ya ce ya yi nadamar kashe dabbobin.

Mai abu ya ce ya yi kuskure, kai kuma ɗan koren yana rantsuwa fasaha ce? A koyar da shi, ban hana ba. Amma ranar da za a kunna wa ɗalibai, a fara gaya musu dabba nawa aka yanka, da kuma sunan mutanen da aka yi wa ƙazafi.