Kotso Ba Ya Cikin Akwatin Bature

Wanda duk ya san Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ya san wani sabon al'amari da ya shigo cikin samarinmu. A dā, in mutum ya yi niyyar waƙa, sai ya nemi makaɗa da 'yan amshi, su yi kwana da kwanaki suna gyaran baki kafin su fita gaban jama'a. Yau kuwa yaro ɗaya, a ɗaki ɗaya, da 'yar kwamfuta da makirfo da abin sawa a kunne, shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa, shi ne kuma 'yan amshin kansa. Kafin gari ya waye waƙar ta shiga wayoyin mutane, ta kai Gusau, ta kai Kano, ta ƙetare har Maraɗi. Saboda haka tambayar da ta fi yawa a bakin waɗannan samari ita ce, wace manhaja za su sa a kwamfuta, kuma waɗanne kayan kiɗa za su zuba a cikinta. Mun ga ya kamata mu sa baki, domin amsar wannan tambaya ita za ta nuna irin kiɗan da jikokinmu za su gāda.

Bari mu fara da bayani saboda iyaye da sauran masu karatu waɗanda abin bai shafa ba. Kayan aikin nan iri biyu ne. Na farko shi ne manhajar da ke ɗaukar murya da kiɗa, ta jera su, ta haɗa su su zama waƙa guda. A cikin irinta akwai FL Studio ta wani kamfani a Beljiyam, da Cubase da Ableton Live na Jamus, da Reaper ta Amurka. Na biyu shi ne kayan kiɗan da a ke sakawa cikin manhajar, watau ganga da sarewa da molo waɗanda ba su da itace ba su da fata, sautinsu kaɗai ke akwai. Waɗansu kwamfuta ce ke ƙaga sautinsu da lissafi. Waɗansu kuwa ɗauko su aka yi daga abin kiɗa na gaskiya, bugu ɗaya ɗaya, aka adana, ta yadda in ka taɓa fiyano sai bugun ya fito. Tun shekarar 1996 kamfanin Steinberg, masu Cubase, suka fito da wata ƙa'ida da a ke kira VST, daga baya aka faɗaɗa ta har abin kiɗan da wani kamfani ya yi ya kan shiga manhajar wani kamfani ya yi aiki. Daga nan kasuwa ta buɗe, yau irinsu ba su ƙidayuwa.

Ba mu ƙin abin nan, ba mu kuma ce a guje shi ba. Ɗan talaka wanda ba shi da kuɗin zuwa situdiyo a Kano ya sami hanyar da zai ji muryarsa, wannan kuwa alheri ne babba. Abin da mu ke jin tsoro dabam ya ke, ga shi kuwa.

Waɗanda suka ƙera kayan nan sun ƙera su ne da kunnen ƙasarsu. A shekarar 1991 masu yin fiyano na lantarki suka daidaita a kan wani jeri na kayan kiɗa 128 wanda a ke kira General MIDI, domin ko wane fiyano ya zo da su. A cikin jerin akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba, har da mabusar nan mai jaka ta mutanen Sikotilan. Amma ka duba daga na ɗaya har na ɗari da ashirin da takwas, babu kalangu, babu kotso, babu taushi, babu gurmi, babu kuntigi. Sa'ad da fiyano na Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990, masu kiɗan fim suka yi iyakar ƙoƙarinsu, suna neman sautin da ya ɗan yi kama da namu su ɗora. Da ya ke sautin Indiya na nan a shirye, kunnen jama'a kuma ya riga ya saba da finafinan Indiya, sai kiɗan ya karkata can. Yau ma in ka nemi kayan kiɗan Afirka ta Yamma na kwamfuta, galibin abin da za a miƙo maka shi ne jembe da kora da balafon, na mutanen Mali da Gini da Senegal. Kayan kiɗa ne masu daraja, amma ba su ne aka kaɗa a ƙofar Sarkin Kiyawa ko ta Sarkin Zamfara ba.

To, jama'a, a tuna ko wace ƙasa mu ke magana a kanta. A Tubali, nan kusa da Shinkafi, aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, mai Bakandamiya, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960 amma har gobe malaman jami'a suna nazarin hikimarsa. Da kotso ya yi aikinsa. Zurmi ta ba da Kassu, wanda kalangunsa ke sa 'yan tauri tsuma. In aka gangara kudu kaɗan sai a tarad da Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, su ma mutanen kotso. Duk ƙasar Hausa ta san Zamfara gidan kiɗa ce. Ashe ba abin kunya ba ne a ce ɗan Shinkafi ya tsara waƙa, a saurara tun daga farko har ƙarshe, a rasa abu ɗaya a cikinta da zai nuna inda aka haife shi? Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Wani zai ce ai ganga ganga ce, a ɗauki ta Bature a buga mata salon namu. Mai faɗin haka bai lura da yadda harshenmu ya ke ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, murya na hawa tana sauka, kuma da hawan da saukan ma'anar kalma ke sākewa. Kalangu yana magana ne domin makaɗi na matsa tsarkiya a hammatarsa, fata ta ɗame sauti ya hau, ya saki sauti ya sauko, ya bi karin maganar daidai. Da haka a ke gane taken mutum ba tare da an ambaci sunansa ba. Kotso ma tsarkiya gare shi, da hannu a ke kaɗa shi, kuma tafin hannu da yatsu ko wanne da irin muryar da ya ke fitarwa. Gangar da ke cikin akwatin Bature kuwa murya ɗaya gare ta, ko sau dubu ka buga. Har wa yau, manhajojin nan suna da wata al'ada ta jawo ko wane bugu su aje shi a kan ma'auni daidai wa daida, alhali daɗin kiɗan taro yana cikin ɗan jinkiri da ɗan gaggawa da ke tsakanin makaɗa. Haka kuma na'urar gyaran murya irin Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, in an ƙure ta sai ta tilasta wa murya zama a kan matakala goma sha biyu na fiyano, ta goge lanƙwasar da mawaƙin Hausa ke yi tsakaninsu.

Saboda haka ga ma'aunin da mu ke ba samarinmu shawara su auna da shi kafin su zaɓa.

Na farko, kada a tambayi yawan kayan kiɗan da manhaja ta zo da su. A tambaya, shin tana yarda mutum ya ɗauko sautin kansa ya mai da shi abin kiɗa? Galibin manyan manhajoji suna da wannan ɓangare, akwai kuma na kyauta irin su Decent Sampler da Sforzando. Manhajar da ta zo da sauti dubu amma ba ta karɓar kalangun garinku, ba ta kai wadda ta zo hannu wofi amma ƙofarta a buɗe ba.

Na biyu, a duba ko tana bari a lanƙwasa sauti sama da ƙasa cikin sauƙi, kuma ko a kan iya kashe abin nan mai daidaita bugu. In za a sayi ɗan fiyanon da a ke jona wa kwamfuta, a zaɓi mai 'yar ƙafa a gefe wadda a ke murzawa sauti ya hau ko ya sauka, gama ita ce za ta tsaya a matsayin tsarkiya.

Na uku, a yi la'akari da halin da mu ke ciki. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni babu kira babu intanet. Manhajar da a ke biya wata wata, wadda sai ta leƙa intanet lokaci lokaci kafin ta yarda ta buɗe, ba ta dace da mutumin Zurmi ba. Gara wadda a ke saya sau ɗaya, a sa mata mabuɗinta, ta yi ta aiki ko da waya ko babu. Haka nan wutar lantarki ba ta da tabbas, yawancin kwamfutocin da ke hannun yaranmu kuwa na hannu ne, ƙarfinsu kaɗan. Manyan tarin sauti masu cika ma'ajiya da shan batir sai su bar mutum a tsakiyar waƙa. Ƙaramin abu mai aiki ya fi babba mai tsayawa.

Na huɗu, a nemi halal. Mun sani sarai yawancin manhajojin da ke yawo a shagunan tura waƙa na sata ne, an fasa makullinsu. Ban da haƙƙin masu su, irin waɗannan su kan zo da cutar kwamfuta wadda ke iya lalata aikin shekara cikin dare ɗaya. Alhali kuwa akwai mafita. Audacity da LMMS kyauta ne. Reaper dala 60 ce ga mai ƙaramin aiki. FL Studio kuma in ka saya sau ɗaya, duk sabon da suka fitar naka ne ba ƙarin kuɗi. Mawaƙin da ke kukan ana satar waƙarsa ba shi da bakin magana in da kayan sata ya yi ta.

Sai babban aikin, wanda babu kamfanin da zai yi mana shi a Jamus ko Amurka. Tilas mu ɗauki sautin kayan kiɗanmu da kanmu. Aikin ba ya bukatar dukiya. Makirfo ɗaya mai kyau, da ɗakin ƙasa wanda aka rataya wa barguna don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, da dare bayan an kashe janareto, sun isa. A ɗauki ko wane irin bugu sau da yawa, mai ƙarfi da mai taushi, a ɗame da a sake, domin hannun mutum ba ya maimaita bugu iri ɗaya. A ɗauki kuma dogayen zubi yadda makaɗa ke yi tare, a adana a tsarin WAV wanda ba ya rage sauti, a rubuta sunan makaɗi da garinsa da sunan kiɗan. Sa'an nan, abin da ya fi kome, a nemi yardarsa, a biya shi, a ambace shi a ko wace waƙa aka sa hannunsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta san haƙƙin mai kiɗa, amma tun kafin doka al'adarmu ta hana a ci gumin maroƙi.

Akwai masu cewa in aka zuba kalangu cikin kwamfuta, an kashe kasuwar mai kalangu ke nan. Maganarsu abin dubawa ce. Amma a lura, fiyano ya riga ya kore shi daga gidajen biki da yawa tun ba a ɗauki sautinsa ba. Yaron da ya saba jin kalangu a cikin waƙar da ya ke so, shi ne zai nemi mai kalangu ranar aurensa. Wanda bai taɓa ji ba kuwa, me zai nema? Kuma duk mai hankali a cikin masu haɗa kiɗa zai gane da wuri sautin da aka adana na gwaji ne da tsara waƙa, in an zo aikin gaske babu kamar a kira mai abin ya zauna gaban makirfo.

Abin da ya sa mu ke gaggawa shi ne lokaci ba ya jira. Rashin zaman lafiya ya tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Zurmi da Shinkafi, bukukuwan kaka da dambe da kokawa inda makaɗa ke koyon sana'a sun ja baya, tsofaffin da suka san taken ko wane gida suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Faifan da suka rage na su Narambaɗa dukiya ne, amma murya da amshi da kiɗa duk a cakuɗe su ke, ba su isa su koya wa yaro yadda a ke sa hannu a kan fata ba.

Muna roƙon sarakunanmu na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, waɗanda su ne iyayen gidan makaɗa tun asali, su tara waɗanda suka rage domin wannan aiki. Muna roƙon Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda ta ba da ɗaki da ɗalibai masu ilmin kwamfuta, a yi taskar sautin Zamfara wadda ko wane yaro zai iya samu. Tun 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaura, ya yi shekaru yana kwasar gyaɗa da auduga yana kawo mana kayan da wasu suka ƙera. Kada mu yarda a sha'anin kiɗa ma mu zama masu saye kaɗai. Samari kuwa, ku sayi akwatin Bature, ku koyi sarrafa shi fiye da mai shi, amma abin da za ku zuba a ciki ku ɗebo shi daga gida. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya sa mu ga ranar da za a ji kotso a birnin Landan a ce wannan daga Zamfara ya fito, amin.