Kada A Bar Mai Naƙuda Ita Kaɗai

A yawancin ƙauyukanmu, in naƙuda ta kama mace sai ta shige ɗaki ta yi shiru, balle in haihuwar fari ce, gama an koya mata tun tana yarinya cewa raki a kan gwiwa abin kunya ne. Ungozoma kuwa sai an ji kukan jariri ake aikawa a kira ta, ta zo ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wa yaro wanka. Aikinta yana da amfani, amma bayan haihuwa yake farawa. Sa'o'in da suka fi hatsari, wato daga farkon ciwo har saukar yaro, ba mai kula da su. A ganina nan ne muke hasarar matanmu, gyaran kuwa bai fi ƙarfin ƙauye ba.

Likitoci sun taɓa auna amfanin zama kusa da mai naƙuda. A wani asibiti a ƙasar Guwatamala, can kudu da Amurka, dokar wurin ita ce mace ta yi naƙuda ba nata ko ɗaya a kusa. Sai aka sa wa waɗansu masu cikin fari wata mace wadda ba likita ba ce, ba su ma san ta ba. Aikinta ta zauna, ta riƙe hannu, ta shafa baya, ta yi magana mai daɗi. Da aka buga sakamakon a 1980, waɗanda aka bari su kaɗai sun yi wajen awa 19 kafin su sauka, masu abokiyar zama kuwa wajen awa 9. Gwajin ƙarami ne, amma an yi ta maimaita shi. A 2017 aka tattara gwaji 26 daga ƙasashe 17, na mata fiye da 15,000, aka ga naƙuda takan ragu da wajen minti 40, waɗanda ake yi wa fiɗa kuma sun ragu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a bar kowace mace ta haihu tare da wanda ta zaɓa ya zauna da ita. Turawa suna kiran irin wannan mace "dula", sunan da suka aro daga Helenanci, a Amurka har sana'a ce ana biya. Mu sai mu ce mai rakiya, ba kuwa sai an biya ta ba.

Wani zai ce, ai muna da tsofaffi, me ya kawo koyi da Turawa? Gaskiya ne, a wajen jego ba a fi mu ba. Budurwar haihuwa takan koma gidan iyayenta, a dafa mata ruwa, a dama mata kunu har ta yi arba'in. Amma ƙauna ba ta hana kuskure. Tsohuwar da take ƙaunar yarinya ita ce takan yi mata yankan gishiri in naƙuda ta daɗe, daga nan yoyon fitsari ya biyo baya. Wanda ya ga matan da suke jiran aiki a Babbar Ruga ta Katsina ya san ƙarshen doguwar naƙuda. Tun shekarun 1970 kuma likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka nuna cewa wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwana a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da yawan kunun kanwa, suna da hannu a ciwon zuciya da kumburin da kan kama masu jego. Don haka ba kowace tsohuwa ce mai rakiya ba, sai wadda aka koya wa.

Abin da za a koya mata ba shi da yawa. Ba ta ba da magani, ba ta sa hannu, ba ta yanka. Tun ciki yana ƙarami takan raka mace awo, ta zauna da maigida a shirya kuɗin mota, a san direban da za a tasa da dare, da wanda zai ba da izini in shi yana tafiya. Ran naƙuda ba ta gusawa. Ta ba ta ruwa, ta taimake ta ta yi 'yar tafiya, ta lura da lokaci. In rana ta fito ta faɗi mace ba ta sauka ba, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta zo, ko hannu ya riga kai fitowa, ita ce za ta fita ta faɗa wa maza da babbar murya, tun da ita kunya ba ta ɗaure mata baki ba. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2. Bayan an sauka ta sa a ba jariri nonon fari, wato dakashi, kada a zubar, ta kuma riƙa leƙowa kullum har ranar suna, gama zazzaɓin jego a makon nan yakan zo.

Akwai magana kuma ga ma'aikatan asibiti. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 39 cikin 100 ne kaɗai suka haihu a asibiti a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa wajen 16. Nisa da kuɗi suna ciki, amma mata da yawa tsoron a rufe su a ɗaki da baƙi suke yi, a bar uwarsu a waje. Malamar asibiti ɗaya ba za ta iya zama da mata huɗu ba. In dalilin hana 'yan rakiya shi ne kada su ga tsiraicin waɗansu, to, labule ba shi da tsada, kwamitin lafiya na ƙauye yana iya saya.

Shawarata ita ce, zumuntar mata ko ƙungiyar matan kowace unguwa ta zaɓi mata biyu ko uku waɗanda suka haihu, masu haƙuri da riƙon asiri, a roƙi malamar asibiti mafi kusa ta koya musu alamun hatsari. A sa ungozomar gari a ciki, kada ta ga kamar an zo ƙwace mata aiki. Maza kuma su ɗauki nauyin tocila da sabulu da kuɗin mota. A yi wannan tun da rani, kafin ruwa ya yanke hanya.