Kafin a sauke giyar Hilux, a fara gano cutar



A Yerwa, motar a-kori-kura jari ce. Ita ke kai kaya Monguno da Dikwa da Gamboru Ngala, ita ke ɗauko wake da kifin banda zuwa kasuwa, gida guda kuma na iya dogara da ita wajen abinci da kuɗin makaranta. A 'yan shekarun nan masu giyar otomatik sun ƙaru a hannun mutanenmu, musamman Toyota Hilux. Sai dai yadda muke gyaransu bai canza ba. Da zarar giya ta fara fizga ko ta ƙi shiga, hukuncin da ake yankewa a gareji ɗaya ne cikin biyu: a sauke ta a sayo ta Baljiyam, ko a mayar da motar manuwal. Ra'ayina shi ne wannan al'ada tana cin dukiyarmu a banza, kuma laifin na masu mota ne da kanikawa baki ɗaya.

Giyar otomatik da mai take aiki. Famfon da injin ke juyawa shi ke tura man da ƙarfi ya matse fayafayan kuloci na ciki, waɗanda kanikawa ke kira faiba. Wasu ƙananan bawuloli masu aiki da lantarki su ke buɗe wa man hanya, kwamfutar mota kuma ita ke ba su umarni. Man nan shi ke sanyaya giyar, shi ke hana ƙarafa cin juna. Saboda haka alama ɗaya na iya fitowa daga wurare da yawa. Motar da ke jinkiri kafin ta ja idan an sa ta a D, wataƙila mai ne ya ragu ko matata ta toshe. Wadda ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi gaba, sau da yawa kwamfuta ce ta ga matsala a waya ko a na'urar auna gudu, sai ta kulle giyar don kada ɓarna ta ƙaru. Wadda ta ƙi fita daga P, ƙaramin makunnin fitilar birki kaɗai na iya jawo haka. Hatta batir mai rauni yana rikita canjin giya. Duk wanda ya sauke giya saboda ɗaya daga cikin waɗannan, ya bar jaki yana dukan taiki.

Yanayin garinmu ma yana da nasa kason. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yerwa kan wuce digiri 40, ga lodi fiye da kima, ga yashi. Direban da ya kafe a yashi ya yi ta taka totur yana jefa giya daga D zuwa R, dafa man yake yi. Man da ya ƙone yakan rikiɗa daga ja zuwa ruwan ƙasa mai duhu, ya riƙa warin ƙauri, daga nan faiba ta fara zamewa. An yi wa motar giyar ƙarfi ta L4 domin irin wannan wuri, amma direbobi da yawa ba sa taɓa ta. Haka kuma jan mota mai otomatik da igiya tafiya mai nisa, injin a kashe, tayoyin baya a ƙasa, yana kashe giya, domin famfon mai ba ya juyawa alhali ƙarafa na gudu.

Sai maganar ruwa. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024 ta shanye motoci a Gwange da wajen Monday Market da sauran unguwanni. Bayan ruwa ya janye, mutane sun yi juyen man injin, sun busar da kujeru, suka ci gaba da aiki. Ba kowa ya tuna da giya ba, alhali tana da ƙaramar kafar numfashi a samanta wadda ruwa ke iya bi ya shiga. Man da ya haɗu da ruwa yakan koma kamar madara mai ɗan ja, kuma ruwan na sa fatar faiba ta saki daga jikin ƙarfenta. Motar na iya tafiya na ɗan lokaci kafin ta nuna. Ruwan lagireto ma yana iya gauraya da man giya idan bututun sanyaya man da ke cikin lagireton ya fashe. A irin wannan hali, ko an ɗora wata giyar, in ba a canza lagireton ba, ita ma za ta bi sahun ta farko.

Akwai kuma batun irin man da ake zubawa. A shaguna da yawa duk jan mai sunansa man giya, kuma mai araha ake fara miƙo wa mutum. Toyota na da nau'i fiye da ɗaya, akwai T-IV akwai WS, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Hilux ɗin da ta fito daga 2015 mai giya shida WS take sha. Irin waɗannan giyoyi da yawa ba su da sandar auna mai, ta wata kafa a ƙasan giyar ake gane ko ya kai, kuma sai man yana kan wani zafi da kamfani ya ƙayyade. Wanda ya zuba da ka, ko dai ya rage ko ya zarce, kuma duka biyun illa ne.

To mene ne ya kamata a yi? A fara da mai sauƙi. A duba yawan mai da launinsa da warinsa, a duba ko yana yoyo. A gwada batir da wayoyi. A jona na'urar gwaji a karanta lambobin da kwamfuta ta ajiye, a rubuta su kafin a goge. A fita da motar a ji a wace giya take zamewa, da sanyi ne ko sai ta yi zafi. A cire farantin ƙasan giya a ga abin da ya taru a jikin maganaɗisunsa: ɗan baƙin gari kaɗan ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe ko guntayen faiba na nufin ɓarnar ta kai ciki. A nan ne sauke giya ya zama dole.

Me ya sa ba a bin wannan tsari? Domin mu masu mota ba ma son biyan kuɗin bincike. Bakanike zai yi awa uku yana bin waya har ya gano soket ɗaya da ya yi tsatsa, sai mai mota ya ce ai ba a yi aikin komai ba, ya miƙa masa na ruwan sha. Amma in ya sauke giya ya baje ta a ƙasa, an ga aiki, za a biya ba musu. Mu muka koya wa kanikawa cewa ɓarkewa ta fi ganowa riba. Muna biyan kuɗin gwajin jini a asibiti ba tare da gardama ba, ya kamata mu ga binciken mota da wannan idon.

Wasu za su ce manuwal ta fi dacewa da dajinmu, kowane bakanike ya san ta, ko batir ya mutu a tura ta tashi. Gaskiya ne, kuma wanda zai sayi mota don hanyar ƙauye yana da hujja in ya zaɓi manuwal tun farko. Amma mayar da otomatik manuwal wani abu ne dabam: sai an taɓa feda da wayoyi da kwamfuta, aikin in bai yi kyau ba motar ba ta ƙara zama daidai, darajarta a kasuwa kuma ta faɗi. Ita ma giyar Baljiyam daga Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano, ba wanda ya san nisan da ta yi kafin ta iso. Wasu kuma za su ce masu na'urar gwajin ma suna cuta, su goge lamba su karɓi kuɗi. Akwai irinsu. Na'ura nuni kawai take yi zuwa inda za a duba, sai an haɗa ta da ilimi da tsoron Allah.

Shi ya sa nake kira ga ƙungiyar kanikawa ta NATA reshen Borno da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat su haɗa kai su shirya gajeren horo kan giyar otomatik, da Hausa da Kanuri, a lokacin da masu gareji za su iya halarta. Masu hali a cikinmu su taimaka wa matasan da ke koyon sana'ar da na'urar gwaji. Kai kuma mai mota, duk ranar da aka ce a sauke giyarka, ka tambaya cikin mutunci: me aka gwada, me aka gani? In an ba ka amsa mai ma'ana, ka biya kuɗin binciken da daɗin rai.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya kai direbobinmu gida lafiya.