Mota Ba Ta Rantsuwa a Gaban Alƙali

Jama'a, akwai wata magana da ta fara shiga bakin samari a tasha, daga Gwandu har Kalgo, wai Turawa sun ƙera motar lantarki mai tuƙa kanta, direba sai ya naɗe hannu ya yi gyangyaɗi. Na ce maganar nan ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kisa. Bari in kawo muku hujja.

Kamfanin Tesla na Amurka ya sa wa motocinsa wata na'ura mai idanu, tana duban farin layin da ke kan kwalta, tana riƙe sitiyari, tana taka birki. Ya raɗa mata suna Autopilot, wato mai tuƙi da kansa. Amma cikin takardar da ke bin motar ya rubuta lalle direba ya riƙe sitiyari, idonsa na kan hanya. To, ina amfanin suna ya ce kwanta, takarda ta ce tashi?

A shekarar 2016, a jihar Fulorida, wata babbar tirela fara ta gitta gaban irin motar nan. Na'urar ba ta taka birki ba, direban ya mutu. A 2019, a jihar nan dai, wani ya sunkuya neman wayarsa da ta faɗi, motarsa ta wuce alamar tsayawa a guje, ta kashe wata budurwa mai shekara 22. Aka kai ƙara kotun Miyami. Cikin watan Agusta na 2025 aka raba laifi uku, aka ɗora wa direba kashi biyu, kamfani kashi ɗaya, aka ce kamfani ya biya wajen dala miliyan 243. Kafin wannan ma, a Disamba 2023, hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka ta matsa wa kamfanin sai da ya gyara motoci fiye da miliyan 2, don na'urar ba ta tsare direba ga aikinsa sosai.

Waɗansu za su ce ina ruwanmu da shari'ar Amurka. Ruwanmu kuwa babba ne, gama motar da Bature ya gaji da ita, ita ce ke sauka Kwatano gobe, jibi ka gan ta a Birnin Kebbi. In na'ura ta ruɗe a hanyar da aka shafe da layi tsaf, yaya za ta yi ranar kasuwar Jega, ga raƙumi, ga jaki da kaya, ga garken shanu, ga ƙurar hunturu ta rufe gari?

Waɗansu kuma za su ce ai mutum ma yana kuskure. Gaskiya ne. Amma mutum in ya yi kuskure a kan kira shi gaban alƙali, ya rantse, ya biya diyya. Wa ya taɓa rantsar da ƙarfe?

Malamanmu sun gama wannan hukunci tun ba a san mota ba. Wanda ya karanta Risala ya san mahayin dabba, da mai janta, da mai korarta, su ke ɗaukar ramuwar abin da ta taka. Fiƙihu kuma bai kyale wanda ya sayar da dabba ya ɓoye aibinta ba. Saboda haka laifin direba ba ya wanke maƙeri, na maƙeri kuma ba ya wanke direba.

Abin da nake roƙo biyu ne. Hukuma ta yi doka tun motocin nan ba su yi yawa ba, a hana dillali tallar mota da sunan mai tuƙa kanta, gama rigakafi ya fi magani. Kai kuma direba, kowace irin mota aka ba ka, riƙe sitiyari da hannu biyu, don ran da aka taka ɗan wani, sunanka za a kira, ba na na'ura ba. Allah ya kiyashe mu, amin.