Gargaɗi a kan Cinikin da Aka Ɓoye Kuɗinsa

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani Facebook ba sadaka ba ce. Sun ce kyauta, alhali suna tara sunanka da garinka da abin da idonka ya daɗe a kansa, su sayar wa masu talla hanyar isa gare ka. A 2018 ta bayyana labarin mutum har miliyan 87 ya faɗa hannun Cambridge Analytica, galibinsu ba a tambaye su ba. A 2019 hukumar Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Ina tambayarku, ku da kuka karanta babin ciniki: ina yardar mai kaya in bai san abin da ya bayar ba? Wai ya danna "na yarda". Wa ya karanta masa takardar?