Kuɗin cikin wasa ba ya cika tukunya

A shekarar 2024, duk rumfar cajin waya da na leƙa a Wara ko Yauri, sai in tarar da samari sun duƙufa suna dangwala fuskar waya. Hamster Kombat suke bugawa a Telegram, suna tara kwabban wasa, da fatan su koma naira. Da aka buɗe cinikin kwabban ranar 26 ga Satumba, yawancinsu ba su mayar da ko kuɗin data ba.

Wannan harka ta daɗe. Samari a Sin sun yi shekaru suna kwana a World of Warcraft suna tara zinaren wasa su sayar wa Turawa. 'Yan Benezuwela ma sun yi haka a RuneScape lokacin da kuɗin ƙasarsu ya karye. Matsalar ɗaya ce: kamfani ne ke ƙirƙirar kuɗin, shi ke buɗe sabon fagen tara su, shi ke canza doka. Masu tarawa na ƙaruwa, darajar kuɗin na faɗuwa.

Ban ga laifin yaranmu ba. Rashin aiki ne ya kai su. Amma ina roƙonsu su juya akalar wayar nan. Dillalan Onitsha da Legas na neman busasshen kifin tafkin Kainji da albasar Yauri. Saurayin da ya iya ɗaukar hoto, ya yi ciniki ta WhatsApp, ya haɗa masunci da mai saye, la'adarsa tabbas ce. Ya kamata ƙaramar hukumar Ngaski, inda Wara take, ta koya wa matasa wannan sana'a.