In Ji Wa? Tambayar da Muke Bin Kwalbar Maganin Feshi Bashi

A farkon daminar nan na tsaya a wani shagon kayan noma a Funtua, sai ga wani dattijo ya shigo ya ce, "Yaro, ba ni mai ƙone ciyawa." Yaron shagon ya jawo jarka, ya tsiyaya masa a tsohuwar gorar lemo, ya ce, "Baba, murfi biyu a kowane tanki." Babu takarda a jikin gorar, babu suna, babu ranar lalacewa. Dattijon ya jefa ta a aljihun da goronsa yake, ya kama hanya. Har yau abin yana ci mini rai, domin in jikansa ya kurɓi abin da ke cikin gorar nan, ba wanda zai iya gaya wa likita me yaron ya sha.

Daga Funtua zuwa Malumfashi, a haɗa da Bakori, Danja, Ƙafur da Dandume, noma ne rayuwarmu: masara, auduga, dawa, waken suya. Tun shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa a 1975 muka saba da takin zamani da ingantaccen iri. Yau kuwa tsadar ƙwadago ta sa maganin feshi ya karɓe rabin aikin fartanya. Magani ya shigo kowane ƙauye, amma saninsa ya tsaya a hanya.

Mu mutane ne da suka san darajar isnadi. Ko a zaure, in wani ya jawo hadisi, za a tambaye shi wa ya ruwaito shi, a wane littafi. To me ya sa idan aka zo kan gubar da za mu goya a baya mu fesa wa abincin 'ya'yanmu, sai mu wadatu da "an ce"?

Abu na farko shi ne suna. Wanda aka rubuta ɓaro-ɓaro a gaban kwalba sunan kasuwa ne, kamfani ya raɗa shi. Sunan gaskiya yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe, wato sinadarin da ke yin aikin. Kwalabe goma masu suna daban-daban na iya zama abu ɗaya. Kuma "maganin ciyawa" ba ɗaya ba ne. Glyphosate yana bin jikin ciyawa har saiwa, sai an yi kwanaki a ga aikinsa. Paraquat kuwa nan take yake ƙone ganye, kuma in mutum ya sha shi huhu yake lalatawa, ba shi da makari. Tarayyar Turai ta daina amincewa da shi tun 2007. Dichlorvos, maganin ƙwarin da ke cikin Sniper, jijiyoyi yake kamawa, kuma likitoci suna tarar sa da allurar atropine. Ƙwayar nan da ake sa wa hatsi a ɗakin ajiya aluminium phosphide ce. Da ta ji danshi sai ta saki iskar phosphine, wadda kan kashe mutanen da suka kwana kusa da buhunan. Guba huɗu, hali huɗu, magani daban-daban. Wanda bai san suna ba, manja kawai zai ɗura wa mara lafiya, lokaci yana ƙurewa.

Rashin sanin nan ya taɓa mana aljihu ma. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar dichlorvos. Iyakarsu miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an samu waken da ya kai miligiram 4.6. Turawa sun mayar da nasu. Wanda ya rage a kasuwanninmu kuwa, mu muka yi ƙosai da alala da shi.

Ina ake samun ingantaccen bayani? Takardar jikin kwalba ce mafari: sunan sinadari, ƙarfinsa, lambar rajistar NAFDAC, ma'auni, da kwanakin da za a jira kafin girbi. Launin da ke gindin takardar ma magana yake yi: ja ya fi kowanne haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Bayan wannan, kowane kamfani yana da takardar bayanin kariya mai sashe 16, wadda ke faɗin taimakon gaggawa da yadda ake ajiya. Dila na gari ya kamata ya ajiye ta a shagonsa. Mai waya kuma zai iya duba PubChem, rumbun bayanan sinadarai da cibiyoyin lafiya na Amurka suka buɗe a 2004, ko kundin magungunan feshi na Jami'ar Hertfordshire da ke Ingila, duka kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin da ya kasa magungunan gwargwadon haɗarinsu, inda ta sa dichlorvos cikin masu haɗari ƙwarai. Kowane sinadari yana da lambar CAS da ba ta canzawa ko an sauya masa suna sau ɗari; ta dichlorvos ita ce 62-73-7.

Ba na cewa dattijon can ya buɗe kwamfuta. Nauyin yana wuyan masu karatu: malamin gona, dila, mai shirin noma a rediyo, ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri a Dutsin-ma ko Samaru, da mu masu alƙalami. Duk wanda zai kawo adadi, ya kawo shi da isnadinsa: daga ina, bugun wace shekara, da wane ma'auni. Adadin narkewar sinadari a ruwa ba shi da amfani in ba a faɗi zafin ruwan ba. In an ce kaza ne ke kashewa, a faɗi a kan wace dabba aka gwada, ta baki ko ta fata. Kuma a gwama majiya biyu kafin a yaɗa, domin saƙon WhatsApp ba hujja ba ne.

Muna da cibiyar binciken noma ta IAR da ta wayar da kan manoma ta NAERLS a Zariya, ga hukumar raya aikin gona ta KTARDA a jiharmu. Su haɗa kai su fitar da takarda ɗaya da Hausa, a boko da ajami, mai ɗauke da sinadaran da suka fi yawo a kasuwanninmu, da haɗarin kowanne, da abin yi in tsautsayi ya afku. A manna ta a kowane shago da kowane asibitin karkara. Mai ajiyar wake kuma a nuna masa buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba.

Kafin a kai ga haka, ɗan'uwana manomi, kada ka karɓi magani a gorar da ba ta da takarda. In kuma aka ce maka murfi biyu, ka tambaya: in ji wa?